Daga Ɗakin Shawara zuwa Gidan Mari: Aikin Malamin Jami'a a Ƙasar Daura



Da kwamitin shirya laccoci ya aiko mini da takardar gayyata, abin da aka roƙe ni shi ne in yi bayani a kan sana'ata, watau koyar da ilmin ba da shawara, wanda reshe ne na ilmin halayyar ɗan Adam, in kuma nuna wa ɗalibai abin da mutum zai tarar idan ya riƙe shi sana'a a jami'a. Na amsa, amma na nemi alfarma guda, a bar ni in fara daga gida. Ni mutumin Sandamu ne, ɗaya daga ƙananan hukumomi biyar na masarautar Daura, kuma tambayar da ta fi kowace tambaya wahalar da ni a wannan aiki a ƙofar gidanmu aka yi mini ita.

A tsakiyar watan Oktoba na 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a garin Daura, irin wanda muke kira gidan mari, bayan waɗanda ke tsare a ciki sun yi bore, da yawansu sun tsere. Suka tarar da mutum 67, tun daga yaro ɗan shekara 7 har zuwa magidanci ɗan shekara 40, da yawa da mari a ƙafa da tabon bulala a gadon baya. An ce kafin boren mutanen da ke gidan sun haura 300. 'Yan makonni kafin wannan an fasa irinsa a Rigasa ta Kaduna, kwana kaɗan bayansa kuma aka fasa wani a cikin birnin Katsina. Gidajen rediyon duniya suka ɗauki labarin, musamman da yake Daura ce mahaifar Shugaban Ƙasa na lokacin, marigayi Muhammadu Buhari.

Bayan kamar mako biyu na je gida. Muna zaune a zaure bayan la'asar sai ga wani dattijo daga ɗaya daga ƙauyukanmu. Muka gaisa, ya gyara zama, ya ce, "Malam, an ce kai ne ka yi karatun gyaran hali. To, an rufe gidan mari, mun ji. Yanzu ni ina zan kai nawa?" Ɗansa saurayi ne da ya faɗa shan maganin tari mai kodin da ƙwayoyi, ya sayar da akuyar uwarsa, ya taɓa hatsin rumbu, har ya kai ga zare wa ƙanwarsa wuƙa. Dattijon ya riga ya sayar da rago domin ya kai shi gidan marin, sai aka rufe. Na ce, "Baba, sai dai asibiti." Ya ce, "Wane asibitin? Nawa ne kuɗin? Wa zai zauna da shi can, ga kaka ta yi, wake na gona?" Jama'a, a ranar ina da shekara fiye da 20 ina koyar da wannan ilmi, amma na rasa amsar da zan ba shi wadda ni kaina zan yarda da ita.

Kafin in koma kan wannan tambaya, ya kamata in bayyana abin da ake nufi da ba da shawara, domin kalmar tana ruɗin mutane. Ƙasar Hausa ba ta taɓa rasa masu ba da shawara ba. Akwai liman da mai unguwa, akwai kawu da gwaggo, akwai aminin uba, akwai ungozoma da uwar ɗaki. Su ne suka riƙe aure da zumunci tun kafin a san jami'a, kuma duk malamin da ya raina su bai san inda yake ba. Sai dai a irin tasu hanyar, watau nasiha, babba ne ke magana, ƙarami ya sunkuyar da kai yana saurare. A tamu hanyar kuwa mai damuwa shi ke magana, malamin shawara yana saurare, yana jefa tambaya nan da can, har mutumin ya gane wa kansa inda ƙullin yake. Wani Ba'amurke mai suna Carl Rogers shi ya ƙarfafa wannan hanya a littattafansa na 1942 da 1951. Amfaninta gare mu a bayyane yake. Mu mutane ne masu kunya. Akwai abin da yarinya ba za ta iya faɗa wa uwarta ba, akwai abin da ɗan fari zai gwammace ya mutu da shi da ya faɗa wa ubansa. Irin wannan sai bare, wanda aka tabbata bakinsa a rufe yake. Haka kuma malamin shawara dabam yake da likitan ƙwaƙwalwa. Likita shi ke rubuta magani da allura. Mu ba mu rubutawa, kuma wajibi ne mu san lokacin da za mu ce wa mutum wannan ya fi ƙarfinmu, a tafi asibiti.

Abin da ɗalibai da yawa ba su sani ba shi ne, wannan ilmi a wajen neman haƙƙin talaka aka haife shi. Frank Parsons, wanda ake ɗauka shi ne uban sana'ar, injiniya ne kuma lauya, mai fafutukar gyara zaman jama'a. A 1908 ya buɗe ofishin ba da shawarar sana'a a wata unguwar baƙin haure matalauta ta birnin Boston, domin ya ga 'ya'yansu suna barin makaranta suna faɗawa aikin da ba shi da gobe. A Nijeriya kuwa ana danganta farkon abin da 1959, sa'ad da wasu mata 'yan mishan na Kwalejin St. Theresa da ke Oke-Ado a Ibadan suka gayyato ma'aikata iri-iri su yi wa ɗalibansu masu fita bayanin ayyukan da ke gabansu. A 1976 aka kafa ƙungiyar masu ba da shawara ta ƙasa, Farfesa Olu Makinde ne shugabanta na farko. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta ce a sa masu ba da shawara a makarantun gaba da firamare, kuma tsarin 6-3-3-4 da aka soma a 1982 ba ya tafiya sai da su, tun da yake a ƙarshen ƙaramar sakandare ake son a gane wanda zai bi hanyar sana'a da wanda zai zarce. A 2022 aka sa hannu a dokar kafa majalisar da za ta riƙa yi wa masu wannan aiki rajista.

Wannan shi ne abin da ke rubuce. Abin da ke ƙasa kuwa, ma'aikatan ilmi da ke zaune a nan sun fi ni saninsa. Na taɓa kai ziyarar duba ɗalibaina masu koyon aiki a wata makaranta, na nemi a nuna mini ɗakin shawara. Aka buɗe mini wani ɗaki cike da karyayyun bencina da buhunan siminti. Malamin shawarar kuwa an ba shi darasin Ingilishi na aji shida, sa'an nan aka ƙara masa da shugabancin horo, watau shi ke riƙe da bulalar makaranta. Ku gaya mini, wane yaro ne zai kai sirrinsa wurin mutumin da ya zane shi da safe? Ban ga laifin shugaban makarantar ƙwarai ba, malamai ne ba su ishe shi ba. Amma takardar da ke zuwa ma'aikata duk shekara tana cewa makarantar tana da mai ba da shawara, kuma a kan wannan takarda ake tsara manufa.

To, idan aka yi sa'a aka sami ɗaki, aka sami lokaci, me mutum zai ji a ciki? Za a turo maka yaro wai malalaci ne, kullum barci a aji. Ka zauna da shi sau biyu sau uku, sai ka gane tun tuwon jiya da dare bai sa kome a bakinsa ba, kuma da ƙafa yake tahowa daga ƙauye. Za a turo maka yarinya mai ƙoƙari da ta daina magana, ashe an sa ranar aurenta kafin jarrabawa. Za ka ga saurayin da da can yake samun na kashewa wajen dakon kaya tsakanin Kwangwalam da kasuwar Mai'aduwa, aka rufe kan iyaka a Agusta 2019, ya wayi gari ba aiki ba jari, sai majalisar masu ƙwaya. Za ka ga ɗalibin da tun aka kwashe yaran makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disamba 2020, waɗanda aka sako 344 daga cikinsu bayan kwana shida, ba ya iya barci a ɗakin kwana na makaranta, ko da yake shi ba a Ƙanƙara yake ba. Binciken shan ƙwaya na ƙasa da aka yi a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun taɓa ƙwaya a cikin shekara guda, kimanin miliyan 3 daga cikinsu a Arewa maso Yamma. A shekarar ce Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin.

Idan mutum ɗaya ya kawo maka kuka, to, ciwonsa ne, kai da shi za ku nemi magani. Amma idan mutum 30 suka kawo maka kuka iri ɗaya a zango ɗaya, ruwa ba ya tsami banza, akwai abin da ke waje yana turo su. A nan ne malamin shawara yake tsayawa a mararraba. Yana iya ci gaba da lallashin kowane ɗaya, yana koya masa haƙuri da dabarar danne zuciya, ya sallame shi ya koma inda ya fito. Haƙuri hali ne mai kyau, ba na musun haka. Amma wanda ya ƙware wajen koya wa mai jin yunwa haƙuri, bai taɓa buɗe baki a kan abin da ya hana shi abinci ba, to, ya sani ko bai sani ba, ya zama ma'aikacin wanda ya hana abincin. Wannan shi ne dalilin da ya sa nake cewa neman adalci a zaman jama'a yana cikin aikinmu tun asali.

Akwai waɗanda suka riga mu bin wannan hanya. A Amurka, Kenneth Clark da matarsa Mamie sun yi bincike da 'yartsana fara da baƙa, suka nuna yadda wariyar makarantu ke sa yaran baƙar fata su raina kansu, kuma Kotun Ƙoli ta ambaci aikin Clark a hukuncin 1954 da ya soke wariyar. A Aljeriya, Frantz Fanon, likitan ƙwaƙwalwa a asibitin Blida tun 1953, ya ajiye aiki a 1956 domin a ganinsa ba shi da amfani a warkar da mutum a mai da shi ƙarƙashin mulkin da ya haukata shi. A gida ma mun ga Malam Aminu Kano ya bar koyarwa a 1950 ya shiga siyasar NEPU, mun kuma ga Dokta Yusufu Bala Usman ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello yana faɗa da alƙalami. Duk ina girmama su. Amma idan ɗalibi ya tambaye ni wa zai kwaikwaya a wannan sana'a tamu, sunan da nake ba shi dabam ne.

Farfesa Thomas Adeoye Lambo mutumin Abekuta ne, ya yi karatun likita da na ƙwaƙwalwa a Ingila, ya dawo aka ba shi asibitin Aro a 1954. Ya tarar da abin da dattijon nan namu ya tarar: gadaje kaɗan, ma'aikata kaɗan, jama'a kuma sun fi yarda da masu maganin gargajiya. Sai ya je ya zauna da sarakunan ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, aka yi yarjejeniya. Marar lafiya zai sauka a gidan wani mutumin ƙauye, tare da ɗan'uwansa guda mai kula da shi, ya riƙa zuwa asibiti da rana, da yamma ya koma cikin mutane, ya je kasuwa, ya taɓa aikin gona. Masu gidajen ana biyansu kuɗin haya. Masu maganin gargajiya kuwa, maimakon ya kore su, ya jawo waɗansu ya yi aiki da su a ƙarƙashin kulawar asibiti. Wannan tsari ya yi suna a duniya, shi kuma ya zama Shugaban Jami'ar Ibadan, daga baya Mataimakin Babban Daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya daga 1973 zuwa 1988. Abin da ya burge ni a aikinsa shi ne ya kwance mari, kuma ya tanadi wurin da za a kai mutum bayan an kwance. Irin wannan tunani ne ya sake fitowa a Zimbabwe, inda Dokta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar ƙananan asibitoci suna sauraron masu damuwa, aka kuma gwada tsarin aka buga sakamakonsa a 2016, ya nuna yana aiki. Mu da muke da gwaggo a kowane gida, da liman a kowace unguwa daga Fago zuwa Karkarku da Rijiyar Tsamiya, ban ga abin da zai hana mu ba.

Kada a fahimce ni ba daidai ba. Ɗaure ɗan Adam da mari, da yi masa bulala, da hana shi abinci, zalunci ne, ba shi da wani suna. Amma uban da ya sayar da ragonsa ya kai ɗansa can ba mugu ba ne, mutum ne da aka rufe wa kowace ƙofa sai wannan. Ƙidayar da ake yawan ambatawa ta nuna likitocin ƙwaƙwalwa a duk Nijeriya ba su wuce 300 ba, ga mutum fiye da miliyan 200, kuma a manyan birane suke. Malamin jami'ar da ya shiga rediyo ya zagi iyaye da malaman allo baki ɗaya, ya koma gidansa, ya sami tafi, amma bai rage wa kowa nauyi ba. Ƙari ma ya yi, domin gobe in ya je ƙauye ba wanda zai shimfiɗa masa tabarma.

Haka kuma akwai tarkon da ke jiran mai fafutuka a cikinmu, watau amana. Abin da muke ji a ɗakin shawara shi ne ƙarfinmu in za mu yi magana da hukuma, amma ba namu ba ne. Kun tuna yadda hotunan waɗanda aka fitar daga gidajen mari suka bazu a Facebook da WhatsApp, fuskokinsu a fili. Masu yaɗawa da yawa da kyakkyawar niyya suka yi. Amma saurayin nan zai nemi aure wata rana, a garin da kowa ya san kowa. Ƙa'idar da nake ba ɗalibaina ita ce, ka kai wa hukuma adadi da dalili, ka bar suna da fuska a ɗaki. Ko labarin dattijon da na ba ku, sai da na nemi izninsa, na kuma sake waɗansu abubuwa a ciki.

Yanzu ga ɗalibai masu sha'awar zama malaman jami'a a wannan fanni. Hanyar sananniya ce: digiri na farko a ilmin koyarwa ko na halayyar ɗan Adam, sa'an nan na biyu, sa'an nan na dokta, da aikin koyo a makaranta ko asibiti a ƙarƙashin wanda ya ƙware. Ba wannan ne mai wuya ba. Mai wuyar shi ne ma'aunin da za a auna ku da shi. Na taɓa kai takarduna gaban kwamitin ƙarin girma a wata jami'a. Wata uku da na yi ina horar da malaman firamare da Hausa, da ɗan littafin da na rubuta musu, ba su samo mini maki ko ɗaya ba. Maƙala mai shafi 8 da Ingilishi, wadda na tabbata ba a sami mutum 10 da suka karanta ta ba, ita aka ƙirga. Ba na cewa a daina rubutu a mujallu, bincike shi ne bambancinmu da mai surutu a bakin kasuwa. Ina cewa ne majalisun jami'o'i su sake duba ma'aunin. Ga shi kuwa aikin bincike jibge a gabanmu. Mafi yawan takardun gwajin da muke amfani da su a Amurka da Ingila aka tsara su. Bahaushiya ba za ta ce maka tana da cutar da littafi ya ambata ba. Za ta ce zuciyarta ce ke tafasa, ko tunani ya yi mata yawa, ko jikinta ya mutu, danginta kuma su ce iska ce ko sammu. Wanda ya zauna ya tattara waɗannan maganganu, ya gano wanne ke nuna wanne, ya yi wa ƙasar nan aikin da ba wani Bature da zai yi mata. Ina kuma roƙon ɗalibai mata musamman, domin akwai ɗakunan da namiji ba zai taɓa shiga ba, kuma rabin masu damuwar a can suke.

Ga ma'aikatan Gwamnati kuwa, yanzu ba ku da uzurin rashin doka. Tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, wadda ta ɗauki mai taɓin hankali abin tsarewa kawai, an maye gurbinta da Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda aka sanar da sa mata hannu a Janairu 2023. Jihar Katsina kuma ta yi dokar kare yara a 2020. Abin da ya rage na hannunku ne, kuma ƙanana ne. Jami'in ilmi na shiyya yana iya rubuta takarda guda a rage wa malamin shawara darussa, a karɓe bulala daga hannunsa, a ba shi ɗaki mai ƙofa. Shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma yana iya tura ma'aikata biyu daga kowace ƙaramar asibiti su sami horon mako biyu a kan gane alamun farko. Jami'in jin daɗin jama'a yana iya sanin kowane gida da ake ajiye kangararru a yankinsa, ya riƙa shiga ba tare da sanarwa ba, tun kafin abin ya kai ga 'yan sanda.

Shi dattijon nan, daga baya mun haɗa kuɗi da 'yan'uwa aka kai yaron asibiti, ya yi mako shida, ya dawo. Bayan wata huɗu ya koma wa ƙwaya, aka sake kai shi, ya sake komawa. A karo na uku muka bi ta wata hanya. Muka sami kawunsa, mutum mai sanyin hali, na zauna da shi sau biyar ina nuna masa yadda ake saurare ba tare da faɗa ba, wani tela kuma ya yarda ya karɓi yaron a shagonsa. Kowace Juma'a bayan masallaci su biyu sukan zauna a gindin bedi. Rabona da jin ya taɓa wani abu an fi shekara biyu, ko da yake har yanzu uwarsa ba ta barin kuɗi a fili, kuma ban ga laifinta ba.

A dogon hutu mai zuwa ina da niyyar komawa Sandamu da ɗalibai 12, shida maza shida mata, mu yi mako uku muna horar da irin wannan kawu da irin waɗannan gwaggwanni. Masauki da abinci na ɗauka, kuɗin mota kowa nasa. Mai so ya rubuta sunansa a ofishin sashe kafin ƙarshen wata.